Dutsen Kwatarkwashi da Baƙinsa: Tarihin Biki a Ƙasar Katsinar Laka

Wanda duk ya taso daga Funtuwa zai shiga Gusau, in ya wuce Tsafe ya ɗan taɓa tafiya, sai ya ga dutse ya tasar masa a gaba, faffaɗa, mai duhun jiki, kamar an kifa ƙatuwar ƙwarya a tsakiyar gonaki. Dutsen Kwatarkwashi ke nan. Garin na kwance a gindinsa, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, tafiyar 'yan mintoci daga Gusau. A 'yan shekarun nan direba ba ya son tsayawa a wannan hanya, burinsa ya ga ya shiga gari kafin rana ta yi ja. Fasinja kuwa sai dai ya leƙa ta taga, ya ce "ikon Allah," mota ta wuce. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa akwai zamanin da mutane ke yin tafiyar kwana da kwanaki a ƙasa, ba don fatauci ba, sai don su zo gindin wannan dutse su yi kallo.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan shi ne yadda kowace shekara, da zarar watan Yuni ya kama, ake cika mana kunne da labarin bukukuwan biranen Turai. Watannin Yuni, Yuli da Agusta su ne lokacin zafinsu, rana na daɗewa ba ta faɗi ba, makarantu na hutu, sai birane su fito da makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo kan titi, a kafa mutum-mutumi a dandali, baƙi su yi ta kwarara daga ko'ina. Amma in ka bi shekarun waɗannan bukukuwa za ka tarar yawancinsu na jiya-jiya ne. Na Salzbag a ƙasar Ostiriya an fara shi a 1920. Na Edinbara a Sikotilan da na Abinyon a kudancin Faransa duk a 1947 aka kafa su, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mutane ke neman abin da zai wanke musu zuciya daga ganin gawawwaki. Ranar kiɗa ta Faransa, wadda ake yi kowace 21 ga Yuni, a 1982 ta soma. Mu a nan waɗannan watanni damina ce, kowa na gona, ba mai lokacin rawa. Namu lokacin biki kaka ce da rani, in an kai amfani rumbu, aljihu ya yi nauyi, dare ya yi sanyi, farin wata ya fito. Kuma namu tarihin bikin, a wannan kusurwa ta Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ya girmi nasu nesa ba kusa ba.

Mafi tsufan shaida ba a bakin tsofaffi take ba, a cikin ƙasa take. Tun 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da kawunan mutane na gasasshen yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, kudancin jihar Kaduna ta yanzu, kuma daga shekarun 1940 wani Bature mai suna Bernard Fagg ya shiga nazarinsu har duniya ta san su. Daga baya aka gane ba yankin Nok kaɗai ke da irinsu ba. A arewa maso yamma ma akwai, kuma na nan suna da nasu kamanni: gira mai nauyi da ta rufo ido, fuska a murtuke, sau da yawa da gemu mai tsini, kamar dattijon da aka kawo wa ƙara yana sauraro. 'Yan kasuwar kayan tarihi na Turai suka laƙaba musu suna "na Sakkwato," saboda a lokacin Zamfara tana cikin jihar Sakkwato. Sunan Kwatarkwashi na cikin wuraren da aka fi ambata in ana maganar inda suka fito. Gwajin da aka yi wa irinsu ya nuna sun kai shekara 2000, wasu ma sun haura.

Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Tun kafin a san Gobir, tun kafin a gina ganuwar Katsina, akwai mutane a wannan ƙasa da suka iya kwaɓa yumɓu su fitar da fuskar mutum har da yanayin ransa, su gasa shi ya shekara dubu biyu bai narke ba. Aiki irin wannan ba na mutum ɗaya ba ne. Sai da gari mai abinci, da mai koyarwa da mai koyo, da jama'ar da za ta taru ta duba.

A shekarun 1990 aka yi wa wannan dukiya wawaso. Talauci ya yi tsanani, darajar naira ta zube, dillalai suka shigo ƙauyuka da kuɗi a hannu, matasa suka ɗauki diga da shebur. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da irin waɗannan kaya, amma doka na takarda, iyaka kuma a buɗe. Aka riƙa ɗaukar su ana bi da su ta ƙasashen maƙwabta zuwa Beljiyam da Faransa. Ni ba na ɗora laifin duka a kan talakan da ya haƙa, domin abin da aka ba shi bai kai ladan gaben abin da aka sayar ba, kuma a wurinsa gunki ne na mutanen jahiliyya, rabuwa da shi ma alheri ne. Sai dai ɓarnar da aka yi ba ta gyaruwa. Mai binciken kufai yana karanta ƙasa ne kamar yadda malami ke karanta allo: me ke kusa da abin, gawayi ko ƙashi ko tsingaro, zurfin nawa, yana fuskantar ina. In aka fizge shi aka watsar da ƙasar, an wanke allon ke nan tun ba a karanta ba.

A watan Afrilun 2000 shugaban Faransa Jak Shirak ya buɗe wani sabon sashe a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, inda aka baje fitattun ayyukan hannu na Afirka da Asiya da sauran nahiyoyi. Cikinsu akwai guda uku daga Nijeriya, biyu na Nok, ɗaya na Sakkwato, waɗanda aka saya daga hannun dillali a Beljiyam. Aka yi ca a kan gwamnatin Faransa, domin a wannan shekara ce Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ta ce kada kowa ya saya, kuma yumɓun Nok da na Sakkwato da na Katsina suna ciki. Sai a 2002 aka daidaita: Faransa ta amince kayan na Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Wato dai cikin abubuwan da masu yawon buɗe ido ke bin layi su gani a Faris lokacin hutunsu, har da aikin hannun mutanen da suka sha ruwan gulaben wannan yanki namu. Ɗan Kwatarkwashi kuwa, in yana son ganin irinsa, sai ya nemi biza.

Bayan masu yumɓu, sai masu dutse. Kwatarkwashi tsohon gari ne na Hausawa, kuma labarin baka ya ce maharba ne suka kafa shi, sunan ma daga wani shugabansu na farko-farko mai suna Kwatashi ya samo asali. Abin da ya ɗaukaka garin a idon ƙasar Hausa ta dauri shi ne imanin da aka yi cewa dutsen mazaunin manyan iskoki ne, kuma nan ce cibiyar tsafin Magiro, wanda Maguzawa ke ɗauka kakan tsafi. Sunan Magiro ya yi nisa, ya kai har cikin ƙabilun da ke kudu da Zamfara, irin su Kamukawa. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya nuna yadda irin waɗannan duwatsu suka zama matattarar jama'a da tushen iko a ƙasar Katsina ta da. Dutse yana ba da mafaka ranar hari, yana riƙe ruwa a kogunansa, ƙasar gindinsa tana da albarka. Inda waɗannan uku suka haɗu, mutane za su taru, inda mutane suka taru kuwa biki zai samu.

Bikin da aka fi sanin Kwatarkwashi da shi shi ne kamun maiki, wanda wasu ke kira Baura. Maiki babban tsuntsu ne mai faɗin fiffike da kaifin baki, ba ya sheƙa sai a tsagin dutse inda ƙafar mutum ba ta kaiwa da sauƙi. Sau ɗaya a shekara samarin gari sukan hau dutsen su kamo shi da rai, su sauko da shi gaban sarki, ana kiɗa ana kirari ana guɗa. Wanda ya taɓa tsayawa a gindin dutsen nan ya ɗaga kai, ya san wannan ba wasan yara ba ne. Santsi ne da tsayi, ga tsuntsun da zai kare kansa da baki da ƙafa, ga jama'a a ƙasa sun zuba ido, cikinsu har da yarinyar da saurayi ke nema. A nan ake gane namiji. A nan kuma masu tsafi ke duba abin da shekara za ta zo da shi. Baƙi na zuwa daga garuruwan kewaye da na nesa, kuma kowa ya san abin da taro ke jawowa: mahauta da masu tuwo da fura, 'yan koli, makaɗa, 'yan dambe da 'yan kokawa, masu neman aure da masu neman magani. Abin da yau ake kira yawon buɗe ido, da ribar da gari ke samu daga baƙo, mutanen Kwatarkwashi sun san shi tun ba a raɗa masa suna ba.

Ni Musulmi ne, ɗan Musulmi, ba na kewar yanka ga dutse, kuma ba na fatan a koma masa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka zubar da ruwan wanka har da jaririn da ke ciki. A'a, bari in faɗe shi da namu harshe: mun ƙone rumbu don mu kashe ɓera. Jarumtar hawan dutse ba shirka ba ce, kiɗan da ake yi wa jarumi da taruwar dangi da cinikin kasuwa duk ba shirka ba ne. Da aka bar bikin, duka aka bari.

A gefen Tsafe kuma akwai 'Yandoto, wadda tarihinta ya bi wata hanya dabam. Kwatarkwashi garin dutse ne, 'Yandoto garin allo da tawada. Ta yi suna a matsayin mazaunin malamai tun ƙarnoni kafin jihadi, almajirai na zuwa daga nesa su yi karatu. Amma abin sha'awa, labarin da ya fi shahara game da ita labarin dandalin kokawa ne. An ce Korau mutumin 'Yandoto ne, ya je Katsina a zamanin Sanau, na ƙarshen sarakunan Durɓawa. A al'adar lokacin, sarki kan fito kokawa a bainar jama'a a wani biki, kuma ba a taɓa kayar da Sanau ba saboda asirin da ke jikinsa. Korau ya samo sirrin ta hannun matar Sanau, ya kayar da shi, ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Masana na sanya zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, suna kuma lissafa shi a matsayin sarkin Katsina Musulmi na farko. Takobinsa Gajere na nan cikin kayan sarautar Katsina har gobe. Ko labarin ya faru haka daki-daki ko an yi masa ado, yana gaya mana yadda kakanninmu suka ɗauki fagen wasa: wuri ne da sarauta kanta ke iya sauya hannu a gaban idon talakawa.

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo a 1804, yawancin malaman 'Yandoto ba su bi shi ba. Muhammadu Bello ya zo da runduna, aka nemi sulhu bai yiwu ba, aka ci garin, malamai suka watse, littattafai suka salwanta. Cikin mutanen 'Yandoto da suka bi Shehu akwai Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda aka ba jagorancin wannan yanki da ake kira Katsinar Laka, shi ne kuma ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19. Wannan ne dalilin da ya sa har yau sarkin Gusau ake ce masa Sarkin Katsinan Gusau, abin da ke ɗaure wa baƙi kai. Na Tsafe kuwa 'Yandoto ake kiransa, sunan tsohon garin ya zama sunan sarauta. Na Bunguɗu Sarkin Fulani, na Kwatarkwashi kuma Mai Kwatarkwashi. Sunayen nan huɗu kaɗai sun isa su nuna maka irin mutanen da suka haɗu a wannan 'yar ƙasa.

Gusau garin malamai masu jihadi ce, don haka babban taronta na shekara ba na dutse ba ne, na Idi ne. Sallah ƙarama da babba, sarki ya hau, hakimai da dagatai su biyo da dawakai cikin ado, 'yan bindiga na harba ta gargajiya, masu tambari da kakaki da algaita na gaba, a zo ƙofar fada a yi jafi. Nan ne fasahar gari ke fitowa fili. Aikin baduku na jikin sirdi da linzami, aikin maɗinki na jikin aska takwas, aikin marini na jikin rawani mai ƙyalli, aikin maƙeri na jikin likkafa da takobi. Mutanen Turai suna kafa abin kallonsu a dandali ya tsaya cak shekara ɗari. Namu yana tafiya ne a kan doki, ya wuce ta gabanka sau ɗaya, sai kuma baɗi in da rai. Wanda ke tsaye wuri ɗaya shi ne zanen magina a fuskar zaure da soro, dagi da sauran kwalliya, shi ma damina na cinsa, sai an sabunta.

Kwatarkwashi ta sake shiga littattafai a watan Fabrairun 1903, amma ba don biki ba. Turawa sun ci Kano a farkon watan, Sarkin Kano Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato da jama'arsa. Ya rabu da rundunar, Waziri Ahmadu ya ja ta, suka yi karo da sojan Turawa a wajen Kwatarkwashi. Dawakai suka yi ta afka wa bakin bindiga, Waziri ya yi shahada a nan tare da mutane da yawa. Hafsan Ingila da ya ja wancan ɓangare an ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan ƙasarsu. A can an rubuta sunansa an adana. A nan matafiyi zai wuce ta wurin bai san an taɓa zubar da jini ba.

Zuwan jirgin ƙasa a ƙarshen shekarun 1920, layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, shi ya mayar da Gusau babban gari. Auduga da gyaɗa suka kawo kamfanoni da injin gurzar auduga, daga baya masaƙa da matatar man gyaɗa. Yarabawa da Ibo da Nufawa da Kwarori suka zo suka zauna, Sabon Gari da Tudun Wada suka cika. Kuɗin kaka ya riƙa shiga hannun manomi a dunƙule, kuma a nan ne wasannin kaka suka yi ƙarfi irin wanda tsofaffinmu ke ba da labari har yau. Mahauta su kafa dambe, manoma su kafa kokawa, Fulanin Bunguɗu da kewaye su yi sharo ranar kasuwa, 'yan tauri su fito da wuƙaƙe, gardawa su zo da kura da maciji, 'yan kama su sa mutane dariya har hawaye. Samari da 'yan mata na kalankuwa a ƙauyuka. Azumi in ya kai kwana goma yara su fito tashe gida-gida. Ba gwamnatin da ta tsara wannan, ba kasafin kuɗi, ba tikiti sai ɗan abin da aka jefa wa makaɗi.

Makaɗan kuwa, ai Zamfara ce gidansu. A Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haifi Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku waƙa shekara da shekaru har ya rasu a 1973. Ga Musa Ɗanƙwairo na Maradun da ya rasu a 1991, ga Sa'idu Faru, ga Ibrahim Narambaɗa, ga Kassu Zurmi na maharba da 'yan tauri, ga Sani Sabulu na Kanoma. Ba mamaki da ya zama ɗan Gusau ne, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ya ɗauki nauyin tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa ya mayar da shi fannin karatu a jami'a. Ba don irin wannan aiki nasa ba, da yawancin waɗannan mutane sun bi hanyar masu yumɓu, a ji daɗin aikinsu a manta ko su wane ne.

A nan ne nake yawan tuna Argungu. Su ma Kabawa, mutanen Argungu, bikinsu na kamun kifi yana da tushe a tsohuwar al'ada ta ruwa, da Sarkin Ruwa da abubuwan da ake yi kafin a shiga kogi. Amma a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu don tabbatar da zumunci bayan tsohuwar gaba, sai aka shirya masa su a matsayin karramawa. Daga nan bikin ya sami sabuwar ma'ana, sarakuna suka riƙe shi, gwamnati ta shigo, aka ƙara masa wasanni da baje kolin amfanin gona, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Malamai na Argungu ba su fi na Gusau sassauci ba. Abin da aka yi shi ne an tace, an zubar da tsaki an riƙe gari. Kwatarkwashi tana bakin babbar hanya, kusa da tashar jirgi, kusa da babban gari, ga dutse da ba sai an gina shi ba. Duk abin da Argungu ke da shi na jan baƙo tana da irinsa, ba ta dai sami wanda zai tace mata ba.

Ranar 1 ga Oktoban 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni. Aka yi murna ƙwarai, aka yi tituna da shataletale da ofisoshi, ana tura 'yan wasan jiha bikin al'adu na ƙasa. Shekara uku bayan nan, ranar 27 ga Oktoban 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, a gaban taron da garin bai taɓa ganin irinsa ba, mutane daga kowace kusurwa ta Arewa, wasu a kan tituna suka kwana. Dokar ta fara aiki a Janairun 2000. An rufe gidajen giya da na karuwai da na caca, kuma mutane da yawa, har da ni, sun ga alheri a wannan. Sai dai iskar da ta kaɗa ba ta tsaya nan ba. Makaɗi ya fara jin kunyar kalangunsa, mai shirya wasa ya fara tsoron abin da za a ce, aka daina bambance kiɗan masha'a da kiɗan noma. Ga wani abu da na daɗe ina juyawa a raina: watanni uku kacal ke tsakanin fara aikin shari'a a Gusau da buɗe wancan sashe na Louvre. A shekara guda, mu muna rufe dandali, su suna kunna wa yumɓunmu fitila.

Duk da haka ba wa'azi ne ya kashe dandali ba, bindiga ce. Daga wajen 2011 rikicin ɓarayin shanu da 'yan sa-kai ya rikiɗe ya zama bala'in 'yan bindiga da kowa ya sani. Ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu na cikin waɗanda suka fi shan wuya. Sharo yana son Bafulatani da Bahaushe su tsaya kasuwa ɗaya suna dariya, yau kuwa kowa na kallon kowa da zargi. Dambe yana son dare da farin wata da baƙi daga wani gari, yau ba mai bin hanya da dare. A watan Satumban 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya na tsawon makonni. Cikin watan nan ne aka sace Sarkin Bunguɗu Alhaji Hassan Attahiru a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi fiye da wata guda a hannun 'yan bindiga kafin Allah ya kuɓutar da shi. An sha yin Sallah a masarautun jihar ba hawa, a yi Idi kowa ya koma gida. A Disambar 2024, lokacin da UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin gadon duniya, akwai yara a ƙauyukanmu da suka kai shekara goma ba su taɓa ganin doki da kayan ado ba.

Abin da ya rage bai mutu ba, ya dai matsa cikin gari. Ana dambe a Gusau, matasa na ɗauka da waya suna watsawa, wanda ke Legas ko Jidda ya kalla. Yara na tashe a unguwanni. Masu fenti na zana dawisu da zaki da masallaci a bayan manyan motoci da jikin Keke Napep. Ranar Mauludi 'yan Islamiyya na cika tituna da tutoci da sababbin ɗinkuna. In shekara ta yi sauƙi sarki ya hau, za ka ga yadda mutane ke tururuwa kamar masu ƙishirwa sun ga rijiya.

A watan Yunin 2022 Allah ya yi wa Mai Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar rasuwa, bayan shekara 61 a kan gado. Tun 1961 yake zaune a gindin dutsen nan har rasuwarsa. Ya ga zamanin En'e da na Sardauna, ya ga lokacin da dalar gyaɗa ke tashi da lokacin da jirgi ya daina zuwa, ya ga shekarun da aka yi ta haƙe ƙasarsa ana fitar da yumɓu, ya ga shari'a, ya ga 'yan bindiga. Tsararrakinsa da suka ji labarin kamun maiki daga bakin waɗanda suka hau dutsen da ƙafarsu suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana kan wannan hanya, tafiya kaɗan daga dutsen, da ɗalibai masu karanta Hausa da tarihi, kowannensu da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Aron da aka ba Faransa kuma, in an ƙirga shekara 25 daga 2002, zai cika a 2027.